Boilar da take shan ruwa kullum: yadda muka gano ciwonta a gidan haya a Mancesta

Kwana biyu bayan sunan 'yarmu, a farkon Disamban 2022, maiɗakina ta tashe ni kafin asuba. "Abban yara, tashi ka duba, ruwan nan sanyi ƙalau yake zuwa." Na sauka kicin na tarar da boilar, wato na'urar da ke ɗumama gida da dafa ruwa, shiru, wata lamba tana ƙyaftawa a fuskarta, allurar gejin ta kwanta ƙasa da bar 0.5 (bar shi ne ma'aunin matsi). Na taɓa radiyetar falo, abin nan da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki, ƙarfe ne kawai mai sanyi.

A wani lokaci daban da sai mu sa rigunan sanyi mu jira mai gyara. Amma surukata, Hajiya, ta taso tun daga Zariya musamman don wankan jego, safe da yamma har kwana arba'in, kuma ga jaririya a ɗaki. Gidan da muke haya ɗaya ne daga cikin gidajen nan na jan bulo masu manne da juna, ƙasa da sama, da radiyeta takwas. Boilarmu irin wadda ake ce wa kombi ce, wato ba ta da tankin ajiyar ruwan zafi. Ita ke ɗumama ɗakuna, ita ke dafa ruwan famfo nan take da zarar ka buɗe. Idan ta mutu, an rasa duka biyun lokaci guda.

Wanda bai zauna a ƙasar sanyi ba zai so ya san cewa ruwa iri biyu ne ke ratsa wannan na'ura, kuma ba sa haɗuwa. Akwai ruwan famfo da muke wanka da shi. Akwai kuma wani ruwan da aka kulle a cikin bututu, yana zagayawa daga boila zuwa radiyetoci ya dawo, shekara da shekaru shi ɗin dai. Matsin wannan ruwan na biyu gejin ke nunawa. Idan komai ya huce, ana son allura ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5. Idan ta sauka sosai, yawanci wajen 0.5, boila takan kashe kanta don kada wuta ta ci gaba da ci a ƙarƙashin tukunyar da ruwa ya yi wa kaɗan. Kowane kamfani da lambar da yake nuna wannan: Vaillant F22, Ideal F1, Baxi E119. Na duba littafin tamu, lambar da take nunawa ta ƙarancin ruwa ce.

A ƙarƙashin boilar akwai wani ɗan tiyo mai kamar saƙar azurfa da ƙananan makunnai biyu, shi ne tiyon ciko. Na buɗe su a hankali, na ji ruwa yana shiga, allura ta hau zuwa 1.2, na rufe. Boila ta tashi. Hajiya ta yi wa 'yarta wanka, ta dama kunun kanwa, na tafi aiki ina ganin magana ta ƙare.

Washegari da asuba, allura ta koma inda na same ta.

A kwana huɗun da suka biyo baya na yi kuskure biyu, kuma ina faɗarsu ne don na ga 'yan uwa da yawa suna yin irinsu. Na farko, da na ji radiyetar ɗakin sama tana ƙugi kuma samanta ba ya zafi, sai na bi su duka takwas da ɗan makullin fitar da iska. Fitar da iska ba laifi ba ne, amma duk iskar da ta fita matsi ne ya ragu, ni kuwa ban haɗa wannan da wancan ba. Na biyu ya fi muni. Na ce tunda ruwa raguwa yake yi cikin dare, bari in cika shi har bar 2 don ya kai mu safe. A daren ne allurar ta faɗi ƙasa fiye da kowane dare. Daga baya na fahimci dalili.

Na kira ofishin dillalin da ke kula da gidan. A Ingila gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi nauyin mai gida ne, sashe na 11 na dokar masu gidaje da 'yan haya ta 1985 ya faɗi haka ƙarara, don haka ba alfarma nake nema ba. Suka turo mutum ranar Alhamis 8 ga wata, ranar da sanyin nan mai tsanani ya fara sauka. Bai yi minti ashirin a gidan ba. Ya zaga radiyetoci da tocila, ya ga ɗan koren tabo a gindin bawul ɗin radiyetar banɗaki, ya ɗaure notin da sifana, ya cika ruwa, ya ce ga inda yake yoyo nan. Na tambaye shi ko wannan ɗan danshin zai iya shanye ruwa haka cikin dare ɗaya. Ya ce yoyo kaɗan ma ya isa, in sa ido. Ba zan ce ƙarya ya yi ba, don tabbas bawul ɗin yana tsattsafo. Sai dai ya duba boilar ne tana sanyi, ya tafi kafin ta yi zafi, kuma bai leƙa bayan gida ba. Inda ciwon yake bai kai idonsa wurin ba.

Da allura ta sake faɗuwa washegari, sai na kira wani dattijo ɗan Katsina da muke haɗuwa a masallaci, wanda ya fi shekara ashirin a ƙasar nan. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Malam, kai da asuba kaɗai kake duba ta, bayan ta riga ta mutu. Ka taɓa tsayawa ka kalle ta tana aiki?" Na ce a'a, Alhaji. Ya ce in ɗauki takarda da biro in zauna a gabanta.

Ranar Asabar da hantsi na yi haka. Na cika ruwa zuwa 1.2 komai na sanyi, na kunna ɗumama gida, na jawo kujera. Bayan minti biyar allura tana 1.6. Minti goma, 2.1. Minti goma sha biyar, 2.6. Kafin minti ashirin ta shiga jan layi tana taɓa 3, sai na ji wani ɗan sauti daga cikin boilar kamar ana tsiyaya ruwa, allurar ta ɗan ja baya ta tsaya tana rawa. Na sa takalmi na fita bayan gida. A jikin bangon da boilar take jingine da shi bututu biyu ne suka fito. Ɗaya farin roba ne, ya gangara zuwa magudana. Ɗayan siririn jan ƙarfe ne, gajere, an lanƙwasa bakinsa yana kallon bango. Daga bakin wannan na jan ƙarfen ruwa ke ɗiga yana tururi, a ƙarƙashinsa kuma ƙanƙara ta daskare a jikin bulo, doguwa kamar kyandir, har ta kai ƙasa ta yi faifai. Duk ruwan da nake ta ɗurawa tun mako guda, ga shi nan a daskare a bango.

Ga yadda abin yake. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi. Daga digiri 10 zuwa 80 yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. Gida mai lita 70 a cikin bututunsa zai sami ƙarin wajen lita 2 ke nan, kuma ruwa ba ya matsuwa, dole a samar masa inda zai shiga. Saboda haka a cikin boila akwai wani tulun ƙarfe, falale, yawanci mai cin lita 8, wanda aka raba cikinsa biyu da shamakin roba. Gefe ɗaya ruwa, ɗaya gefen iska ce da aka hura. Ruwa ya kumbura, ya tura robar, iskar ta matsu ta ba shi wuri. Ruwa ya huce, iskar ta turo shi ya koma. Shi ya sa a lafiyayyar boila allura takan ɗan hau idan gida ya yi zafi, wataƙila rabin bar, ta dawo inda take idan ya huce. Idan iskar tulun nan ta sace, babu sauran wurin shiga, matsi sai ya yi ta hawa. A nan ne bawul ɗin kariya yake buɗewa, a bar 3, ya zubar da ruwa waje ta wannan bututun jan ƙarfe don kada wani abu ya fashe. Dare ya yi, ɗumama gida ya tsaya, ruwan da ya rage ya huce ya tsuke, allura ta faɗi, boila ta kashe kanta. Ranar da na cika har bar 2, hanyar zuwa 3 kawai na gajarta mata, ta zubar da ruwa fiye da kullum.

Na ɗaura gorar roba a bakin bututun da igiya don in sami shaida. Na kuma lura da wani abu da yamma: ko bayan boilar ta huce, allura tana ƙasa da 2, bakin bututun bai daina ɗiga ba, ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki hoton gorar da na ƙanƙarar da na takardar lissafina na tura wa dillali. Suka ce masu gyara sun cika da aiki saboda sanyi, sai Juma'a mai zuwa. Kafin nan na rage zafin ruwan radiyeta daga maɓallin boilar, don ƙarancin zafi yana rage kumburi, na kuma daina wuce 1 wajen ciko. Wannan ya sa tana kai mu safe a yawancin ranaku.

Sai daren Laraba 14 ga wata ya zo ya rikita ni. Sanyin makon nan ba wasa ba ne, a Braemar da ke Sukotland an auna digiri 17.3 ƙasa da sifili kwana ɗaya kafin nan. Wajen ƙarfe tara na dare, an gama wasan ƙwallon Faransa da Maroko ke nan, boila ta mutu. Na je da niyyar cika ruwa, sai na ga allura tana zaune daram a kan 1.3. Lambar da ke fuskarta ma wata ce daban, ta gazawar kunna wuta. Na danna maɓallin sake tayarwa, ta yi yunƙuri, na ji ƙarar ɓulɓul daga cikinta kamar ana busa a cikin kofin ruwa da tsinke, ta sake mutuwa. Na sake dannawa sau ɗaya, haka dai. Ban ƙara ba, don littafinta ya hana a yi ta maimaitawa.

Da na buɗe tiyon ciko a wannan daren saboda sabo, da na ƙara wa kaina matsala a banza, domin wannan mutuwar ba ta da alaƙa da ta baya. Tun Afrilun 2005 doka a Ingila da Wales ta ce sabbin boilolin gas su zama irin waɗanda ke tatsar zafi daga hayaƙinsu kafin ya fita. Wajen tatsar nan tururi yana komawa ruwa, mai ɗan tsami, shi ya sa ake fitar da shi ta bututun roba. Wannan shi ne farin bututun da na gani a bango. Namu siriri ne, ba a naɗe shi da komai ba, kuma ya yi tafiya mai tsawo a waje kafin ya kai magudana. Ruwan ya daskare a cikinsa, na baya ya taru ya koma cikin boila, ita kuma ta ƙi kama wuta. Haka ya faru ga gidaje masu ɗimbin yawa a ƙasar nan a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018.

Ina kicin ina ɗora ruwa a butar lantarki sai na ji Hajiya daga saman bene tana magana da 'yarta, da murya daidai yadda zan ji. "Ke, ki ce wa maigidanki ko akwai gawayin nan da kuka gasa nama da shi ran suna. A zuba a kasko a kawo ɗaki, yarinyar nan hannunta ya yi sanyi." Gabana ya faɗi. Ban saba doguwar magana da ita ba, akwai kunya tsakaninmu, amma na hau na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kam ba zai yiwu ba a gidan nan." Na yi mata bayani cewa ɗakunan nan an toshe su ruf, tagogi gilashi biyu ne, iska ba ta ratsawa kamar ɗakin gida mai tagar katako da ƙofa ga tsakar gida. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa, jariri kuma shi ne farkon wanda za ta kama. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya tsare. Ka yi abin da ya dace, Malam." Muka sa jaririyar a ƙirjin uwarta aka lulluɓe su, na kunna ƙaramar hitar lantarki da maƙwabciyarmu ta ara mana. Ina roƙon duk wanda iyayensa za su zo masa a lokacin sanyi ya yi musu wannan bayanin tun ranar da suka sauka, kada ya bari sai daren da wuta ta mutu.

Na surka ruwan butar da na sanyi har ya zama mai ɗumi, don tafasasshe yana iya fasa robar, na fita da tocila. Na bi bututun ina zubawa, na fi ba da ƙarfi a gwiwarsa da bakinsa na ƙasa. A buta ta uku na ji ƙas, sai wani dogon sandan ƙanƙara ya zamo daga bakin, ruwa ya biyo shi da gudu. Na koma na danna maɓalli, wuta ta kama. Na naɗe bututun da tsofaffin tawul na ɗaure da leda, na watsa gishiri inda ruwan ya zuba don kada wani ya zame da safe.

Mai gyara na biyu ya zo ranar Juma'a. Na nemi katinsa na Gas Safe, ya miƙo ba tare da ya ɓata rai ba. Wannan rajista ta masu izinin aikin gas ita ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI tun Afrilun 2009, katin yana da hoto da lamba, a bayansa kuma an jera irin aikin da aka yarda mutum ya yi. Cika ruwa, fitar da iska daga radiyeta da narkar da bututun waje duk aikin mai zama a gida ne. Buɗe murfin boila kuwa aikin mai wannan katin ne, ko da ka iya sifana. Idan kuma warin gas ka ji, ba mai gyara za ka fara nema ba, ka buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin lantarki, ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Na ba shi takardar lissafina. Ya karanta, ya leƙa gorar da ke bayan gida, ya ce na rage masa aikin awa guda. Ya kashe boilar, ya rufe bawul biyun da ke haɗa ta da radiyetoci, ya zuƙe ruwan cikinta har allura ta kwanta a sifili. Ya ce wannan matakin ne mutane ke tsallakewa: idan akwai matsin ruwa a bayan robar, duk abin da ka auna a gefen iska ƙarya ne. A saman tulun akwai bawul irin na tayar mota sak. Ya danna tsinken da farce. Da ruwa ya fito, in ji shi, da robar ta yage ke nan, sai sabon tulu. Ba ruwa, sai ɗan huci da bai kai numfashi ba. Ya sa geji, kusan babu komai. Ya fito da famfon ƙafa ya fara hurawa, ya bar wurin zuƙe ruwan a buɗe, ina kallon baƙin ruwa yana fita cikin bokiti duk lokacin da ya taka, robar tana komawa mazauninta. Ya tsaya a bar 1, adadin da aka rubuta a jikin tulun.

Sannan ya yi abin da ya tuna mini da masu faci a bakin titin Sabon Gari. Ya ɗiga ruwan sabulu a kan bawul ɗin ya tsaya yana kallo. A hankali kumfa ta taso, ta fashe, wata ta taso. Tsinken bawul ɗin ne ke sace iskar, kaɗan kaɗan, wataƙila tun watanni. Da ya hura ya tafi bai gwada ba, da kafin ƙarshen sanyi mun koma gidan jiya. Ya canza tsinken, ya sake hurawa, ya sake ɗiga sabulu, shiru.

Bawul ɗin kariya ma ya cire shi ya sa sabo. Ya nuna mini tsohon a tafin hannunsa, da ɗan baƙin tsaki maƙale a bakin robarsa. Irin wannan bawul idan ya yi ta buɗewa, datti yakan zauna a mazauninsa ya hana shi rufewa ruf, shi ne ɗigon da na gani ko boila tana sanyi. Ashe wurare uku ruwa da iska ke bi suna fita: tsinken tulu shi ne tushe, bawul ɗin kariya ya lalace a sanadinsa, ga kuma ɗan tsattsafon banɗaki da na farko ya ɗaure.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ya buɗe matatar maganaɗisu da ke ƙarƙashin boilar. Sandan maganaɗisun ya fito da baƙar laka mai kauri kamar kwalli da aka kwaɓa. Ya ce tsatsar cikin radiyetoci ce. Tsohon ruwan da ke zagaye a bututu iskarsa ta riga ta ƙare, ba ya cin ƙarfe sosai, kuma akwai maganin hana tsatsa a cikinsa. Duk cikon da na yi, sabon ruwa mai iska na shigar, maganin kuma yana bin bututun jan ƙarfe yana fita. Ba zan ce mako biyuna ne suka tara wannan lakar duka ba, ta shekaru ce, amma na san na ƙara mata. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa mana, ruwan Mancesta daga tafkunan Thirlmere da Haweswater yake zuwa, ba shi da farin gishirin nan da ke toshe tukunyar boila a Landan da kewayenta. Ya wanke matatar, ya zuba sabon magani, ya cika zuwa 1.3, muka tsaya tare muna kallo ta yi minti talatin tana aiki. Allura ta hau 1.7 ta tsaya.

A rahoton da ya rubuta wa mai gidan ya ce a canza farin bututun waje da mai faɗin milimita 32 a naɗe shi, an kuma yi hakan a Janairu. Ya gwada ƙararrawar kabon monoksaid da ke kicin, wadda tun 1 ga Oktoban 2022 doka ta wajabta wa masu gidajen haya a Ingila su sa a duk ɗakin da boila take.

A makon farko bayan gyaran allura ta sauka daga 1.3 zuwa 1.1, hankalina ya ɗan tashi, na kira shi. Ya ce iskar da ta shigo da sabon ruwa ce ke fita ta mafitar iska da ke cikin boilar, in cika sau ɗaya in ci gaba da rubutawa. Na cika ranar 23 ga wata. Gorar da ke bayan gida na bar ta a ɗaure har ranar da aka yi arba'in a farkon Janairu, na kwance ta a bushe. Hajiya ta koma Zariya a ƙarshen watan, allura tana kan 1.3.